Tsakanin Aku da Attajiri: Sharhi a kan Ma'aunin Wani Makaranci

Duk malamin da ya daɗe yana koyar da harshe a Bande, ko Magarya, ko Dungas, ya san wani irin makaranci wanda yawansa ke ƙaruwa tun shigowar wayar hannu. Galibi saurayi ne da ya haye jarrabawar BEPC, wani lokaci ma ƙaramin malami ne ɗan kwantaragi da aka turo ƙauye. Yana son karatu, wannan kam ba a ƙwace masa ba. Amma ya kasa littattafan duniya kashi uku, ya kuma yanke wa kowane kashi hukunci. Labaran al'ajabi, na aljanu da jarumai da takubban sihiri, a wurinsa tatsuniya ce, abin yara da marasa aikin yi. Littattafan magabata, na Hausa da na Faransanci, ya ɗauke su maganin ɗaci: a runtse ido a haɗiye saboda jarrabawa, in an ci a manta. Kashi na uku kaɗai yake kira karatu, wato littattafan gina kai, masu alkawarin koya wa mutum yadda zai yi arziki, ya iya da jama'a, ya zama wani abu.

Ra'ayinsa ne, kuma kowa da kiwon da ya karɓe shi. Sai dai ra'ayin ya fara fita daga ɗakin mai shi yana shiga taron ƙungiyoyi, inda ake shawarar littafin da za a saya da ɗan abin da aka tara. Tun da kuma dokar sabunta ƙasa ta watan Maris na 2025 ta mai da Hausa harshen ƙasa a Nijar, Faransanci da Ingilishi suka koma harsunan aiki, tambayar abin da ya cancanci a ajiye gaban ɗalibi da sunan adabin Hausa ta wuce hirar gindin bishiya. Saboda haka ya kamata shi kansa ma'aunin a ɗora shi bisa sikeli.

Abin da za a fara lura da shi, katangar da ya gina tsakanin kashi na ɗaya da na biyu ba ta da tushe a adabin Hausa. A shekarar 1933 Rupert East, Baturen da ke riƙe da Hukumar Fassara a Zariya, ya sa gasar ƙaga labari da rubutun boko. Littattafai biyar da gasar ta haifa su ne ake kira iyayen ƙagaggen labarin Hausa har yau: *Ruwan Bagaja* na Abubakar Imam, *Ganɗoki* na wansa Bello Kagara, *Shaihu Umar* na Abubakar Tafawa Ɓalewa, *Idon Matambayi* na Muhammadu Gwarzo, da *Jiki Magayi* na John Tafida da shi East ɗin. To, mene ne a cikin *Ruwan Bagaja*? Wani Alhaji ne daga Kwantagora ya bar gida neman ruwan da zai warkar da ɗan sarki, don ya wanke wulaƙancin da aka yi wa limamin da ya riƙe shi. Ya shekara 15 yana yawon duniya, yana cuta ana cutarsa, shi da abokin gabarsa Malam Zurƙe ɗan Muhamman, kuma bai kai ga ruwan ba sai da taimakon aljanu. *Ganɗoki* ya fara da tarihi tsantsa, yaƙe-yaƙen Kwantagora da zuwan Turawan Ingila. Da takobi ya kasa da bindiga, sai marubucin ya ɗauke jaruminsa ya kai shi ƙasashen aljanu, inda takobi ke da sauran daraja. Wanda ya ɗauki wannan juyi a matsayin wasan yara bai karanta da idon basira ba. Mutumin da aka ci ƙasarsa da yaƙi, kuma wanda ya ci ƙasar shi ne mai buga littafin, ina zai kai jaruminsa ya yi nasara in ba can ba?

Waɗanda suka biyo baya ma hanyar suka bi. *Iliya Ɗan Maiƙarfi* na Ahmadu Ingawa, na 1951, labarin wani gurgu ne da baƙi suka tayar, ya zama barden Sarki Waldima na birnin Kib. Asalinsa gwarzon tatsuniyoyin Rasha ne, Iliya Muromets, aka naɗa masa rawani. A 1969, shekarar da ɗan Adam ya taka wata, Umaru Dembo ya fitar da *Tauraruwa Mai Wutsiya*, inda wani baƙo daga sama mai suna Kolin Koliyo ya ɗauki yaro Kilba ya kai shi yawon sararin samaniya. In aka bi hukuncin makarancin nan aka kwashe labaran al'ajabi daga kantar littattafan magabata, abin da zai rage bai fi *Shaihu Umar* da ƴan tsiraru ba.

Kada a ce wannan halin marubutan ƙetaren iyaka ne kawai. Boubou Hama, wanda ya shugabanci majalisar dokokin Nijar har zuwa juyin mulkin 1974, ya cika littattafansa da duniyar ɓoye ta Soŋai, ya kuma tara tatsuniyoyin ƙasa juzu'i bayan juzu'i, bai ga hakan ya rage masa girma ba. Abdoulaye Mamani, a *Sarraounia* na 1980, ya ɗauki abin da ya faru da gaske, wato turjiyar sarauniyar Lugu ga ayarin Voulet da Chanoine a 1899, ayarin da ragowarsa ta ci Damagaram a shekarar bayan yaƙin Tirmini. Amma ƙarfin littafin yana cikin tsoron asirin sarauniyar da ya riƙa cin zukatan sojojin haya tun kafin a yi arangama. A cire asirin, sai a koma rahoton soja. Hatta littattafan da ake karantawa a ajin Faransanci haka suke: a *L'Enfant noir* na Camara Laye akwai ɗan baƙin macijin da ke ziyartar maƙerar uban, shi kuwa Ahmadou Kourouma ya buɗe *Les Soleils des indépendances* da inuwar mamaci ta tashi daga birni ta kama hanyar garinsu. Ɗalibin ƙasar Magarya, wanda ke kwana kusa da Daura da rijiyar Kusugu da labarin macijin da Bayajida ya kashe, bai kamata a ce sai an roƙe shi ya ɗauki irin wannan da muhimmanci ba.

Katanga ta biyu, wadda ke tsakanin tatsuniya da littafin gina kai, ta fi ta farko rauni, kuma a nan ne batun ya fi daɗin tonawa. A 1936 aka ɗauko Abubakar Imam daga makarantar Midil ta Katsina aka kai shi Zariya, ya zauna wata shida yana rubuta *Magana Jari Ce*, aka fara buga shi a 1937. A wannan shekara ta 1936 ne Dale Carnegie ya fitar a Amurka da littafinsa na yadda ake samun abokai, wanda masu Faransanci suka sani da *Comment se faire des amis*; a 1937 kuma Napoleon Hill ya fitar da nasa, *Réfléchissez et devenez riche* a fassara, wato yi tunani ka yi arziki. (A 1937 ɗin dai Tolkien ya buga labarin Hobbit a Ingila. Kashi ukun makarancin nan kusan tagwaye ne, shekara guda ta haife su.) Duk wanda ya dubi sunan littafin Imam da kyau zai ga ya faɗi abin da Carnegie ke son faɗi: iya magana dukiya ce, ana juya ta kamar yadda ɗan kasuwa ke juya jari. Kuma littafin bai tsaya ga suna ba. A juzu'i na farko aku ne, tsuntsun da ba shi da komai sai baki, yake tsare Musa ɗan Sarki Abdurrahman da labari bayan labari, don kada ya fita ya faɗa tarkon waziri maci amana. Da baki ya ceci gidan sarauta, da baki ya zama waziri. A juzu'i na uku ya zaunar da ɗansa Fasih yana koya masa sana'ar, da dokokin zama da manya, kowace doka da labarin da ke riƙe da ita. In wannan ba littafin gina kai ba ne, to, ba a san abin da za a kira shi ba.

Imam bai ƙago wannan hanya ba, gadonta ya yi. Ya ɗebo daga *Dare Dubu da Ɗaya*, da tatsuniyoyin ƴan'uwan Grimm na Jamus, da labaran aku na ƙasar Hindu, kamar yadda masu nazari irin su Ibrahim Malumfashi suka bi sawu suka nuna. Kakan wannan zuriya shi ne *Kalila wa Dimna*, wanda Ibn al-Muƙaffa ya mayar Larabci a ƙarni na 8, inda diloli biyu da zaki da sa ke koya wa sarakuna mulki. Malamin Faransanci ya san reshen zuriyar da ya tafi Turai, domin La Fontaine da bakinsa ya ce bashin yawancin tatsuniyoyin kundinsa na biyu, na 1678, yana wuyan wani mai hikima Bahinde da ya kira Pilpay, wanda shi ne Baidaba na *Kalila*. Fénelon ma da zai tarbiyyantar da jikan Sarki Louis na 14, labarin Télémaque ya rubuta masa. Ba wai malaman da ba su san nasiha kai tsaye ba ne: al-Maghili ya rubuta wa Sarkin Kano Muhammadu Rumfa wasiyyar mulki a ƙarshen ƙarni na 15, almajirai kuma sun daɗe da *Ta'alimul Muta'allim* mai koya yadda ake neman ilimi. Amma sun gane cewa nasihar da aka ba mutum tsirara kunya take ba shi, ya ture ta. Wadda aka naɗe cikin labarin dila kuwa yakan kai ta gida da kansa.

To, me baƙin littattafan suka zo da shi wanda babu a da? A yi wa Carnegie adalci. Shawarwarinsa ba su da aibu: ka riƙe sunan mutum, ka saurara fiye da yadda kake magana, kada ka kunyata wanda ya yi kuskure a gaban jama'a. Sai dai duk yaron da aka koya wa gaisuwa a zauren gidansu ya san wannan tun bai yi kaciya ba. Lokacin da Anthony Kirk-Greene ya yi nazarin *mutumin kirki* a 1974, abin da ya tarar a bakin Hausawa ya haɗa da gaskiya, amana, karamci, haƙuri, hankali, kunya, ladabi da mutunci. Bambancin yana ga niyya. Carnegie ya rubuta wa ƴan talla da ma'aikatan kamfani, fara'a a wurinsa hanyar ciniki ce. A zaure kuwa, wanda aka gane yana gaisuwa don abin da zai samu, akwai sunan da ake kiransa da shi, kuma ba na yabo ba ne.

Lamarin Hill da Kiyosaki ya fi wannan nauyi. Jigon Hill shi ne, in mutum ya ƙudurta adadin kuɗin da yake so, ya rubuta, ya riƙa maimaitawa safe da dare da cikakken yaƙini, tunanin zai jawo dukiyar. Ya ce attajirin ƙarfe Andrew Carnegie ne ya ɗora shi a kan wannan bincike, maganar da masu bin tarihinsa suka nemi shaidarta ba su samu ba. Makarancin da ke dariyar zoben sihiri a littafin yaƙi, shi ne ke zaune da asuba yana karanta wa kansa adadin miliyoyin da ya rubuta a takarda. Wane boka ne ya taɓa neman fiye da haka? Robert Kiyosaki kuma, a *Père riche, père pauvre* na 1997, ya gwama uba biyu: nasa, malamin makaranta mai digiri wanda ya mutu ba dukiya, da uban abokinsa, attajirin da bai yi karatu mai zurfi ba. An daɗe ana gardama ko attajirin mutum ne da ya taɓa rayuwa ko ƙagagge ne. Darasin shi ne a ci bashin banki a sayi gidaje, haya ta biya bashin, a kuma san hanyoyin rage haraji. A ɗauko wannan a kawo shi Bande, inda dukiya ke nufin gonar gero da ta gyaɗa, da ɗan fegin rake a fadama, da tumakin da za a kora kasuwar Maigatari. Inda mai albashi guda ke ɗauke da gida uku, kuma wanda ya tara bai raba ba sunansa marowaci ko da ya hau mota. Littafin ba shi da abin da zai ce da mutumin da damina ta yi wa gardama. Abin da yake bari a zuciyar saurayi ɗaya ne: talaucin ubansa laifin tunanin uban ne. Abin mamaki, malamai ne ke miƙa wa ɗalibai littafin da ya mai da malamin makaranta misalin wanda ya yi asarar rayuwa. Da sun buɗe *L'Avare* na Molière, wanda ke cikin akwatin makaranta yana shan ƙura, da Harpagon da akwatin kuɗinsa da ya binne a lambu sun koya wa yaran abin da kuɗi ke yi wa gida fiye da haka, ga dariya kyauta.

Akwai wani littafi da makarancin nan kan sa a kashi na uku da alfahari, *L'Alchimiste* na Paulo Coelho, na 1988. Makiyayi ne ya yi mafarkin dukiya a Masar, ya ƙetare hamada, a ƙarshe ya gane tana binne a inda ya baro. Ƙashin bayan labarin yana cikin *Dare Dubu da Ɗaya*, a hikayar mutumin Bagadaza da ya yi mafarkin arzikinsa na Alƙahira. Ashe tatsuniyar da ya kora ta ƙofa ita ce ta dawo ta taga da rigar Faransanci, ya tashi ya ba ta wurin zama.

A nan ne ainihin bambancin yake, kuma ba inda makarancin ya sa shi ba. Kashi na ɗaya da na uku duka ƙage ne. Amma tatsuniya tana da ladabin da za ta yi sallama da *ga ta nan, ga ta nanku*, kowa ya san an shiga wata duniya. In ta ƙare ta ce *ƙurunƙus*, ta ɗora ƙaryar a kan gizo, ta sallami mai sauraro ya koma gida da hankalinsa. Ba ta taɓa cewa a je a nemi ruwan Bagaja a bayan gari ba. Littafin arziki kuwa da rantsuwa yake farawa cewa duk abin da ke ciki ya faru, kuma zai faru ga duk wanda ya bi. In bai faru ba, ba a tuhumar littafin, sai a ce mai karatu ne bai yi yaƙini sosai ba.

Duk da haka makarancin bai yi kuskure a komai ba, kuma rashin faɗin haka zalunci ne. Littattafan yaƙi da suka fito daga Kano tun daga shekarun 1990, waɗanda sunan Abdul'aziz Sani Madakin Gini ya fi fice a cikinsu, sun tara masu karatu da ba a taɓa zato ba, har waɗanda ba su yi nisa a boko ba, yanzu kuma ana sauraron su a waya. Wannan alheri ne. Amma da yawa daga cikin irinsu sadauki ɗaya ne ake sauya wa suna: ba ya tsoro, ba ya kuskure, ya sare dubu kafin azahar, littafi na biyar kamar na ɗaya. Alhaji na *Ruwan Bagaja* ya fi su rai domin shi maƙaryaci ne, matsoraci wani lokaci, ana kama shi ana duka. Wanda ya ƙoshi da waɗancan ya ce tatsuniya ɓata lokaci ce, yana da hanzari. Abin da ba shi da hanzari shi ne abin da aka yi a Kano a 2007, lokacin da hukuma ta tara littattafan Hausa ta cinna musu wuta a gaban ƴan makaranta da sunan gyaran tarbiyya. Littafi maras kyau sharhi ne maganinsa.

Su ma na magabatan ba waliyyai ba ne. *Ganɗoki* ya dawo daga ƙasar aljanu ya ƙare da yabon zaman lafiyar mulkin Turawa, abin da ya kamata a tattauna da ɗalibai a fili maimakon a tsallake shafin. Dariyar *Ruwan Bagaja* sau da yawa a kan baƙauye da mai naƙasa take faɗawa, mata kuma a yawancin littattafan nan ko ganima ne ko makirai. Sai da su Balaraba Ramat Yakubu suka ɗauki alƙalami a Kano kafin a ji ta bakin matan. Ɗacin da makarancin ke ji kuwa, mafi yawansa daga hannun mai ba da maganin ne. Littafin da aka yanka gunduwa-gunduwa, aka rubuta taƙaitawarsa a allo, aka ce a haddace sunayen taurari da jigo da salo, ko zuma ce sai ta yi ɗaci. Imam ya rubuta *Magana Jari Ce* da kunnen mai sauraro a zuciyarsa, jimlolinsa na a karanta da murya ne, a dakata inda aku ya dakata. Ajin da aka ba minti goma na ƙarshen darasi ana karanta masa labari guda a bayyane, ba tambaya ba maki, ba ya bukatar a yi masa wa'azin amfanin karatu.

Akwai kuma giɓin da ya shafi wannan gefe na iyaka. Tun 1973 aka buɗe makarantar gwaji ta farko mai koyarwa da Hausa a Damagaram, aka daidaita ƙa'idar rubutu a 1999, madaba'ar Albasa ta fitar da littattafai cikin harsunan ƙasa a farkon shekarun 2000. Duk da haka, ƙagaggen labarin Hausa da ɗan Bande zai samu a hannu kusan duka daga Kano ko Zariya ya zo. Kayan aikin kuwa ga su zube. Sarki Tanimun na Damagaram, da ganuwarsa da igwoginsa, André Salifou ya kai shi dandali, amma da Faransanci. Labaran sarautun Sosebaki, na Waca da Dungas da Mirya, suna bakin tsofaffi da maroƙa. Har wata marubuciya ƴar asalin Najeriya da ke Amurka, Nnedi Okorafor, ta kafa labarin al'ajabinta na 2007 a Nijar ta shekarar 2070, da Ingilishi. Ƙungiyar da ke da kuɗin littafi goma tana iya sayen Carnegie guda, ba laifi, a ajiye shi kusa da juzu'i na uku na *Magana Jari Ce*, a sa ɗalibai su karanta babi daga nan, labari daga can, su faɗi wanda ya fi sanin mutanen da za su gaisar gobe da safe. Sauran kuɗin ya isa sayen takarda da alƙalami, da ɗan goron da za a kai wa tsohuwar da ta san yadda aka kafa garin.